Kawu Labbo da Doki Mai Ƙaho

Ku da kunka san Kawu Labbo, ƙanen innata, kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya kama gaban rigarka. Kana "Ina kwana, Kawu?" shi yana murza zare. "Aska takwas. Hannun Nupe ne, dubi yadda dagin ya yi ƙiba. Lahiya lau."

Duk zanen da ke ƙasar Wurno ya raba shi gida-gida: na riga, na ƙwarya, na bango, na sirdi. Kowane da garinsu, kowane da abin da yake faɗi.

Ran wata kasuwar Achida munka iske Bafillata da ƙwaryar nono. Kawu ya tsuguna.

"Inna, kife min ita in ga gindinta."

"Da nonon ciki? Lahiyarka ƙalau?"

Mutumin da goro ɗaya ke kai shi Juma'a, wallahi ya saye nonon duka! Babu mazubi, sai ya kafa kai. Ya shanye, ya kife ƙwarya. Wayam, ko layi babu. Ya yi gyatsa ya ce, "Aikin malalaci ne. Na ma san gidansu."

Sai ranar da Bature Di'o ya zo rangadi Goronyo. Ana tsakar jawabi, Kawu ya ƙura wa tambarin hular Bature ido, yana matsawa, yana matsawa. Ɗan doka ya ɗaga kulki. Ni kam na fara salati, na ce yau sai gidan yari.

Kawu ya nuna tambarin, ya ce da tafinta, "Zakin na gane, mulki ne. Amma mi ya kawo ƙaho ga doki?"

Bature ya ce alamar Sarkin Ingila ce.

"To, gaya mai a sake maƙeri. Wanga bai taɓa ganin doki ba."

Tafinta, gumi sharkaf, ya shaida wa Bature wai tsoho na yaba hula. Bature ya washe baki, har da ba shi hannu! Kawu ya koma gida da yaƙinin saƙonsa ya isa Ingila. Duk rangadi sai ya je duba ko an cire ƙahon. "Shiririta gare su," in ji shi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na iske shi yana murmushi.

"Riga ɗaya ta rage min, ɗana. Fara sol, babu zane. Sarki da talaka ɗinki ɗaya. Ka ga na huta."

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta ɗin da gaske. Amin.