Yaya Asabe da Ranar Raba Aji

Shekara tara ke nan da muka kai yayata, Malama Asabe, makwancinta a Hunkuyi. Ta rasu ne a ƙarshen damina, gero ya fara sunkuyar da kai, makarantu suna shirin komawa. Ni ne autan gidanmu, ita ce babba. A gidanta na Maƙarfi na yi sakandare, da na kama aikin malamin gona ma ban yi nisa da ita ba. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gan shi, sauran kuma daga bakinta na ji.

Abin da aka fi sanin ta da shi shi ne ranar raba aji. Idan ɗalibai sun gama ƙaramar sakandare za su shiga babba, akan kasa su gida uku, kimiyya da adabi da kasuwanci. A makarantu da yawa a tsaye ake gama wannan aiki a filin taro. A kira sunaye, kowa ya bi layinsa, kafin a fita tara an riga an zaɓa wa yaro hanyar da zai bi har tsufansa. Da Yaya ta zama mataimakiyar shugabar wata makarantar 'yan mata, mai kula da harkar karatu, sai ta ce ba za a yi haka a gabanta ba.

Ta san zafin abin a jikinta. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, burinta aikin jinya. Babanmu ya sa babbar rigarsa ya raka ta Zariya. Ma'aikacin da ke karɓar takardu ya duba nata, ya ce komai ya yi, sai dai babu kiredit a Lissafi, kuma ba a ɗaukar kowa sai da shi. Makarantarsu ta daɗe babu malamin Lissafi, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa rashin wannan darasi ɗaya zai iya tsayar da mutum. Ta ce min haka suka juyo daga Zariya, suka sauka a Hunkuyi. A ƙofar gida Baba ya tsaya ya ce, "Asabe, da na tambaya tun farko da ba a yi haka ba. Ban san abin da zan tambaya ba ne." Bayan ta yi aure ta sake zaman jarrabawar ta ci, amma a lokacin hanya ta riga ta karkata da ita zuwa kwalejin horon malamai.

Wannan magana ta Baba ce ta sa kowace shekara, kafin a raba aji, take aikawa a kira iyaye maza da mata. A shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, ta tsaya ta yi bayani da Hausar da mai rake da mai fura za su gane. Takan ce shekara uku ne a gaban yarinya, amma daga yau ake fara ƙirga mata, domin makin gwajin aji tun zangon farko ake tara shi. Takan ce takardar gama makaranta kowa zai samu, amma wadda ake wucewa gaba da ita sai da kiredit biyar, cikinsu dole da Turanci da Lissafi, kuma su dace da abin da ake son karantawa. Mai son aikin asibiti ba za ta tsallake Kemistiri da Bayoloji ba. Akwai makarantar koyon sana'a da tata jarrabawar, akwai ta Arabiyya da tata, kuma babu abin kunya a ko ɗaya daga cikinsu. In ta gama sai ta zauna a kan benci ta ce, "To, ku yi tambaya. Wanda bai san abin da zai tambaya ba ya gaya min abin da 'yarsa take so ta zama, ni zan nemo masa tambayar."

Yau duk wannan bayani yana cikin waya. Sakamakon ma a waya ake duba shi, ba a jikin allon makaranta ba. Amma bara wani manomin tumatir a Ikara ya tare ni a bakin gonarsa, yana murna, ya miƙo min waya in ga abin da ɗansa ya ci. Kiredit sun fi biyar, babu Turanci a ciki. Na mayar masa da wayar, na gaya masa gaskiya. Ilimin ya zo har cikin aljihunsa, amma babu wanda ya zaunar da shi a kan tabarma shekara uku da suka wuce.

Shekarar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta Habi. Habi 'yar Fulani ce daga wata ruga a bayan Taba, tana zaune wurin gwaggonta a Maƙarfi saboda karatu. Ajin kimiyya ɗaya ne a makarantar, ɗakin gwaji ɗaya, ba ya ɗaukar kowa da kowa, don haka Yaya ta kafa doka cewa makin jarrabawar ƙaramar sakandare ne zai raba gardama. A wannan makon ma ta mayar da Alhaji Ɗanjuma, babban dillalin rake mai faɗa a ji a ƙungiyar iyaye, wanda ya zo neman a saka 'yarsa Zainabu a kimiyya alhali makinta bai kai ba. Ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ya fita ransa a ɓace.

Makin Habi ma bai kai ba, aka tura ta adabi. Wata Asabar da hantsi ina gidan Yaya, tana tsintar shinkafa, sai ga yarinyar ta yi sallama. Ta durƙusa daga nesa, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Mama, na zo ne a kan maganar aji."

"An riga an raba, Habi. Maki ne ya raba, ba ni ba."

"Na sani, Mama. Sai dai ba a tambaye ni abin da ya sa makin ya zama haka ba."

Yaya ta ajiye faifan. Habi ta ce a shekararta ta ƙarshe ta ƙaramar sakandare ciwo ya shiga garken mahaifinta. Yayyenta maza suka yi kudu da lafiyayyun shanu, ita aka kira gida ta taya jinyar waɗanda suka kwanta, zango guda ba ta ga allo ba. A gabanta yawancinsu suka mutu, ana ta ɗura musu maganin da aka sayo a kasuwa, babu wanda ya san adadin da ya kamata a ba su. Ta ce ita maganin dabbobi take so ta koya, kuma a taron iyaye ta ji Mama da bakinta ta ce hanyarsa ta kimiyya take bi.

Bayan ta tafi Yaya ta juyo gare ni. Ta ce min, "Lawal, abin da aka yi min a Zariya shi na yi wa yarinyar nan. Na duba takarda, na ce ta koma."

Abin bai zo mata da sauƙi ba. In ta ɗauki Habi, ba ta da idon kallon Alhaji Ɗanjuma. In ta bar ta, duk abin da take faɗa a inuwar darbejiya ya zama magana kawai. Sai ta je wurin shugabar makaranta da shawara: a ƙarshen zangon farko a yi gwaji, ƙofa a buɗe ga duk wadda take son shiga kimiyya, wadda kuma take ciki tana son fita a bar ta ta fita. Shugaba ta yarda. Yaya ta jingina allo da bangon tsakar gidanta, kowace Asabar tana koyar da Lissafi kyauta, darasin nan da ya taɓa tsayar da ita. Da kanta ta aika gidan Alhaji a ce Zainabu ta zo.

Habi ta haye, da ƙyar amma ta haye. Zainabu kuwa ranar gwaji ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya wa Yaya cewa ita kasuwanci take so, tsoron mahaifinta ne ya hana ta faɗa tun farko, ta juya ba ta shiga ba. Alhaji bai yarda da wannan ba. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari, wai Fulani sun kai wa Malama Asabe karsana. Ƙorafi ya kai ofishin ilimi. Aka bincika ba a sami komai ba, amma don a kwantar da ƙura sai aka mayar da ita wata makarantar ƙauye a yankin Malikanchi, inda babu ɗakin gwaji, malamai kuma ba su cika hannu ba.

Ta haura hamsin a lokacin, ga ciwon suga, ga ƙafa. Na ce mata bari in nemi manyan da na sani a janye wannan canji. Ta ce, "Bar shi, Lawal. Can ma akwai iyaye." Ba zan ce abin bai dame ta ba. Canjin bai yi mata ciwo kamar maganar karsanar nan ba. Ta kusan shekara ba ta shiga taron biki ko suna a Maƙarfi ba, kuma ko a gida ba ta so a ambaci zancen. Amma damina ta gaba na kai ta a kan babur, muna ratsa taɓo, na same ta ta sa an share gindin wata tsamiya an shimfiɗa tabarmi.

Da Habi ta zauna jarrabawar kammalawa ta ci komai, sai Turanci ya kayar da ita. A lokacin jiki ya riga ya kwantar da Yaya, mun dawo da ita gidanmu na Hunkuyi. Habi ta zo duba ta, ta kasa ɗaga kai. Ta ce mahaifinta ya ce abin ya isa haka, ita ma kunya ba za ta bar ta ta sake zama da ƙannenta ba.

Yaya ta sa aka tayar da ita zaune. "Doka ta yarda a haɗa sakamakon zama biyu," in ji ta. "Ni da goyo a baya na yi nawa, yana kuka ana hararata. Ke me za ki goya?"

Washegari ta tura ni rugar, ta ce in gaishe da mahaifin Habi, in ce Malama tana roƙon ya ara mata yarinyar shekara ɗaya. Dattijon ya kalli abin da ya rage na garkensa, sannan ya ce tunda Malama ce ta roƙa, ya ba ta. Sakamakon zama na biyu ya fito bayan rasuwar Yaya, Habi ta ci Turancin. Alhaji Ɗanjuma ya zo ta'aziyya, ya zauna a gefe, ya yi addu'a ya tafi. Zainabu ce yau take riƙe da harkar raken gidansu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ana ta maganar saka sana'o'i cikin darussan sakandare, gyaran waya da haɗa sola da ɗinki da kiwo. Na san za ta yi murna, domin tun ba a fara yayinsa ba take cewa hannu ma hanya ce. Amma na san tambayar da za ta biyo baya, ina malamin, ina kayan aikin. Ana maganar mayar da jarrabawa kan kwamfuta, ita kuwa yaran gindin tsamiyar nan za ta fara tunawa, waɗanda ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Abin da nake ganin zai fi ɓata mata rai shi ne iyayen da suke cire yaro a shekarar ƙarshe su kai shi inda ake rubuta wa yara amsar jarrabawa a kan allo. Ta sha faɗa cewa irin wannan kiredit ɗin har bakin ƙofa kawai yake raka mutum, ciki kuwa shi kaɗai zai shiga. Wani lokaci nakan ji kamar gara da ba ta gani ba, sai kuma in tuna ba ta taɓa zama mai kawar da kai ba.

Ba ta bar gini da sunanta ba. Ba a ba ta lambar yabo ba, kuma har ta koma ga Allah babu wanda ya zo ya ce mata a yafe maganar karsana. Ɗalibanta da yawa sun watsu, wasu ma ba su san ta rasu ba. In aka ce in nuna abin da ta bari, sai dai in nuna mutane, su ma ba dukansu suka kai inda suka nufa ba.

Habi ba ta zama babbar likita ba. Ta yi kwalejin aikin gona, sashen lafiyar dabbobi, yanzu ita ce malamar dabbobin da ke zagaya rugagen wajen Kudan. Watan jiya aiki ya haɗa mu a bayan Taba, ana rigakafin shanu. Ta bar abin da take yi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na gaya mata shekara tara ke nan da rasuwar Yaya. Ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya haskaka kabarin Mama, ya sa abin da ta koyar ya zama fitila a gare ta, makiyayan da ke wurin suka shafa tare da mu.

Da ta koma kan aikinta na tsaya ina kallo. Ta zuƙi magani a sirinji, ta tsaya tana motsa baki. Ta lura ina dubanta, ta yi murmushi.

"Kawu, har yau tsoronta nake ji. In zan auna magani sai na lissafa sau biyu. Ji nake kamar tana tsaye a bayana da alli a hannu."

Ta ɗaga sirinjin ta duba shi a hasken rana, ta sake dubawa, sannan ta ce a riƙe mata saniyar.