Kwanon Shinkafar da Ya Makara

Casriyah ta fara dafa abincin sadaka tana da shekara goma sha tara, a bayan gidan uwarta da ke arewacin Pekalongan, inda masu rini ke shanya yadin batik a kan igiyoyi. Yanzu ta ba hamsin baya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, bayan hannunta duk tabon tartsatsin mai, kuma ba ta iya magana a zaune. Ko gaisuwa za ta yi, sai hannunta na kan wani aiki.

Duk gidan da za a yi suna, ko walimar tafiya hajji, ko addu'ar mamaci ta uku da bakwai da arba'in da ta kwana ɗari, akan sallami kowane baƙo da ɗan kwandon gora: shinkafa, megono (ɗan haɗin kayan lambu da gurzajjiyar kwakwa da yaji) a ganyen ayaba, dafaffen ƙwai, soyayyen tempe na waken soya. A da matan unguwa ke haɗuwa su dafa, kowace ta zo da wuƙarta naɗe a tsumma. Da mata suka watsu cikin masaƙu da kantuna, sai aikin ya koma hannun irin su Casriyah, ana yi musu odar kwanduna kamar yadda ake odar kujerun haya.

A zamanin wuƙaƙen ta san Tarmini, wadda ta girme ta da shekara uku, shi ya sa take ce mata Yu, wato yaya. Tarmini ke zama a hagunta tana yanka albasa siriri kamar takarda, tana yi mata tsiya a kan gishiri. Ranar da uwar Casriyah ta rasu, tun ba a gama wankan gawa ba Tarmini ta shigo da kwanon ɗanyar shinkafa rufe da ƙyalle, kamar yadda mata ke kai wa gidan makoki, wuƙarta a ɗaya hannun. Kwana uku ba ta koma gida ba. Daga baya ruwan teku ya riƙa shiga unguwarsu yana ƙin fita, sai Tarmini da mijinta Dulkamid suka koma Wiradesa wajen ɗansu Rohadi mai gyaran babur. Tafiyar rabin sa'a ce. Suka yi alkawarin ziyara, suka yi sau biyu, sannan aiki ya cinye sauran.

Wayar ce ta fara fin ƙarfin Casriyah. Saƙo arba'in, hamsin a yini: nawa ne kwando, akwai kaza, za a iya ranar Laraba, a rage mini. Takan goge hannu a zani ta amsa ɗaya, kafin ta ɗago tempe ya ƙone. Da 'yarta Indarti ta zo hutun Sallah daga Semarang, inda take aiki a otal, ta ga uwar tana danna waya da gwiwar yatsa saboda hannunta duk kwakwa.

"Mak, wannan ai wahala ce. Bari in sa miki mai amsawa."

"Wa zan ɗauka kuma in riƙa ciyarwa?"

"Ba ya cin abinci, Mak. Irin na'urar nan ce mai basira, a cikin wayar take. Ki gaya mata farashi da ranakun da kike da sarari, ita ta ji da mutane."

"Ta iya gaisuwa?"

"Ta fi ni."

"Wannan ba abin alfahari ba ne, Nok, 'yata. Kaza ma ta fi ki."

Kafin Indarti ta koma an gama. Casriyah ta raɗa wa abin suna Sakatare. Kowace safiya yakan shirya mata shafi biyu. Koren shafi na odar da ya karɓa ne: kwando nawa, wace rana, ina za a kai. Rawayan shafi kuwa na saƙonnin da ya ga ba huruminsa ba ne, waɗanda ke buƙatar idonta da bakinta.

Makon farko ta buɗe rawayan kullum. Ta tarar da mai cewa gishiri ya yi yawa, da mai cewa ƙwai ɗaya ya fashe, da wata da ke son a ba ta sirrin haɗin megono kyauta. Mako na biyu ta riƙa buɗewa bayan kwana biyu. A wata na biyu ta daina. Ta kuma daina ɗaga kiran lambar da ba ta sani ba, tunda ga mai amsawa. Oda ta kusan ninkawa, ta ɗauki mata biyu aiki, ta sayi babbar tukunya ta uku, masu babur na haya suna kai kwanduna. A kasuwa takan yi wa 'yan'uwanta masu girki fariya cewa Sakatarenta ba ya fushi, ba ya zuwa biki, ba ya neman a ƙara masa albashi.

Wata Talata ta je sayen kwakwa wajen Sumirah, tsohuwar maƙwabciyarsu mai injin gurza kwakwa. Sumirah ta kashe injin, abin da ba ta yi wa kowa.

"Hajiyar kwanduna, ashe kina gari."

"Ina zan je? Ba ni ashirin, ƙosassu."

"Mun ci megononki ranar Alhamis a Wiradesa. Ya yi daɗi, ba yaji sosai, yadda marigayin ke so. Kowa na tambaya ina mai girkin."

"Wane marigayi?"

Sumirah ta dube ta da kyau, ta ga ba wasa take ba.

"Dulkamid mana. Arba'in ɗinsa ke nan. Ke kika dafa na bakwai, ke kika dafa na arba'in, kina tambayata wane marigayi?"

Casriyah ta bar kwakwar a kan teburin. A bakin rumfar masu kifi ta tsaya, ta sa tabarau, ta buɗe koren shafi ta koma baya. Ga shi: kwando tamanin, Wiradesa, sadakar bakwai, kada yaji ya yi yawa. Sunan mai oda, wani garejin gyaran babur. Tarmini tsohuwar wayar ɗanta take riƙewa, da sunan garejin a kai. A gefen odar akwai ɗan rubutu ƙarami: duba rawayan shafi. Ta tuna ta ga rubutun a lokacin. Ta tuna ta ce wani mai ƙorafi ne.

Ta buɗe rawayan. Saƙo sama da ɗari biyu sun taru. Ta riƙa turawa da yatsa har ta kai ranar.

"Cas, ni ce Tarmini. Baban Rohadi ya rasu da asuba. Za a kai shi bayan azahar."

A ƙarƙashi Sakatare ya amsa: "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ni ba Bu Casriyah ba ce, na'urar da ke amsa mata saƙonni ce. Na ajiye saƙonki a inda take dubawa da kanta. Idan da hali ki kira ta."

Akwai kira ɗaya da ba a ɗaga ba, ƙarfe tara da minti goma na safe. Tarmini ba ta sake kira ba.

Washegari: "Ta gani?" Sakatare ya ce ba shi da hanyar tabbatarwa, amma ya sake ɗora saƙon a sama. Kwana huɗu bayan nan odar kwando tamanin ta shigo, da ƙarin layi ɗaya: "Ta san yadda yake son yajinsa." Sai na ƙarshe, gabanin arba'in: "Kwando ɗari. Ka gaishe ta, na san aiki ya yi mata yawa."

A gida ta kira Indarti, muryarta sama.

"Abin nan naki ya ɓoye mini mutuwa."

"Wace mutuwa, Mak?"

Ta gaya mata. Indarti ta duba shafin daga can.

"Mak, sau huɗu ya sa miki a sama. Har alama ya yi a kan odar."

"Me ya hana shi ya yi ƙara? Ya yi ihu?"

"Ke kika ce in kashe ƙarar, tana hana ki jin tafasar tukunya."

Casriyah ta ajiye wayar a kan buhun shinkafa. Matan aikinta suka ci gaba da naɗe ganye ba su ɗago ba. Ta zauna, abin da ba ta saba ba, tana lissafin ranar: tara da minti goma na safe tana soya tempe na wani suna, wayar tana haske a kan kantar kicin, ta kalle ta ta kau da kai. Bayan kwana shida ta auna yajin kwando tamanin da hannunta, ta rage shi daidai yadda ta saba rage wa Dulkamid shekara talatin, tana mitar mutanen da ba sa son yaji.

Washegari da hantsi ta ɗebi shinkafa a kwanon silba, ta rufe da ƙyalle, ta hau ƙaramar motar haya zuwa Wiradesa. Wata mata a motar ta ga kwanon ta yi mata gaisuwar rashi, ta tambayi yaushe aka yi. Casriyah ta ce an kwana biyu. Ba wadda ke kai shinkafar makoki bayan kwana arba'in da shida, ita ma ta sani. A hanya ta shirya maganarta tsaf: na'ura ce ta riƙe saƙon, yaran zamani ne suka haɗa mata abin da ba ta gane ba.

Ta samu Tarmini a bayan garejin, zaune a kan tabarma tana tsince wake a faranti. Ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta ya yi fari fat. Ta ɗago ta dubi Casriyah, ta dubi kwanon.

"Wa ya mutu kuma?"

"Yu Tar."

"Zauna. Kin yi ƙiba. Kwanduna sun karɓe ki."

Casriyah ta durƙusa ta yi ta'aziyya, kalmomin suna fita a jere kamar na Sakatare. Tarmini ta amsa kowace. Sannan ta fara abin da ta shirya.

"Yu, wayar nan, ba ni ke amsawa ba. Wata na'ura ce Indarti ta…"

"Na sani. Tun ranar ya gaya mini. Yaron kirki ne, ba ya ƙarya. Ya ce ya ajiye miki a inda kike dubawa." Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake gefe. "Sai na ce wa matan, ku bar mata wurin nan na dama, tana hanya. Da aka yi uku na ce gobe. Ranar bakwai da mai babur ya sauke kwanduna na leƙa bayansa, ko kina tafe a wani babur ɗin."

Casriyah ta bar maganar da ta shirya. Masu gyara suna buga ƙarfe a gaba.

"Ya ajiye mini, Yu. Sau huɗu. Ni ce ban buɗe ba."

"Me ya sa?"

"Na ɗauka masu ƙorafin gishiri ne."

Tarmini ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To ai ba ki yi kuskure ba. Na bakwai ɗin gishiri ya yi yawa."

Ba ta ce ta yafe ba, Casriyah kuma ba ta roƙa ba. Suka zauna. Can Casriyah ta jawo farantin ta sa hannu a waken, Tarmini ba ta hana ta ba. Ta ba ta labarin yadda abin ya faru: tari na mako biyu, asibiti kwana uku, ya nemi shayi mai zaƙi, kafin a kawo ya tafi. Ta faɗe shi a gajarce, kamar wadda ta gaji da maimaitawa ga mutanen da suka zo a kan lokaci.

Da azahar ta yi Casriyah ta miƙe. A al'ada mai gida kan juye shinkafar ta mayar da kwanon a hannun mai shi. Tarmini ta ɗauki kwanon ta shiga ciki, ta fito hannu wofi.

"Kwanona, Yu?"

"Yana nan. Na ɗari ranar Litinin ce, bayan wata biyu ba kaɗan. Kada ki aiko mini da kwando ko ɗaya, a nan za mu dafa. In kin zo kya ɗauka." Ta koma ta zauna. "Ki zo da wuƙarki. Tawa ta dakushe."

Casriyah ba ta kori Sakatare ba. Ba ta ga laifin da za ta kore shi a kai ba. Ta dai sa Indarti ta mayar da ƙarar, ta kuma gaya masa ya rufe waccan Litinin ɗin da Lahadin da ke gabanta, kada ya karɓi odar kowa ko kwando dubu ne. Wani ɗan kasuwa ya nemi ɗari uku na walima a ranar, Sakatare ya ba shi haƙuri cikin ladabi.

Yanzu kafin ta kunna wuta takan sa tabarau ta karanta rawayan shafi har ƙasa. Yawanci gishiri ne da fasasshen ƙwai. Ta goge tsofaffin saƙonni ɗari biyun, ta bar guda huɗu. Wani lokaci tana tsakiyar soya tempe sai ta goge hannu a zani ta buɗe na biyun, mai kalma biyu, ta karanta, ta mayar da wayar kan kantar kicin. Wuƙar kuwa tuni ta kai an wasa mata, ta naɗe ta a tsumma, ta ajiye a inda kwanon silban yake zama.