Aiken da aka yi wa mahaifina a bakin Komadugu

Shekarun baya, tun kafin rashin tsaro ya sa bakin kogin Komadugu ya yi wuyar zuwa, hawan jini ya kayar da mahaifina a shagonsa na kasuwar Diffa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ƙafar hagu ta ƙi bin umarni, sai dai ya ja ta. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in bai riƙa takawa kullum ba, ƙafar za ta sandare, daga nan sai kujera har ƙarshen rayuwa.

Ni kuwa ɗan lakwal, wato ɗan boko, na ɗauka abu mai sauƙi ne. Na je na sayo masa farin takalmi irin na 'yan ƙwallo, na ce daga gobe za mu fara motsa jiki. Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya tambaya ko a gidanmu na Damagaram na taɓa jin an ce dattijo ya fita yawo ba inda za shi. A wurinsa mutum kan fita kasuwa, ko masallaci, ko gaisuwar mutuwa. Wanda ya fita haka kawai, ko zautacce ne ko marar aikin yi. Wata biyu yana zaune a zaure, ƙafar na ƙara nauyi, ni kuma tsoro na cina.

Da ƙyar ya yarda in ɗauke shi a babur mu je gonar wani tsohon amininsa, Babarbare mai noman tattasai, shi ma don a ce gaisuwa muka je. Lokacin ruwan kogi ya fara ja da baya. Wurin yana da kyau ƙwarai: goruba jere a kan gaɓa, balbela fari fat a cikin fadama, ga jan tattasai an shanya har inda ido ya tsaya. Na yi ta nuna masa, ko ya yi sha'awar takawa. Ya ce ya gani.

Na ja tsohon gefe na zayyana masa damuwata. Ya ɗora mana shayi. Sai da muka sha shayi ya soma ƙorafi, wai ruwa na gudu ya bar injin ban-ruwansa, kuma duk wanda ya aika dubowa sai ya dawo masa da labarin ƙanzon kurege.

"Alhaji, kai ne mai idon awo," in ji shi. "Don Allah ka riƙa duba mini inda ruwa ya tsaya kowace safiya. In na makara ɗaga inji, tattasan nan ya ƙone."

Mahaifina ya gyara zama, ya tambaya daga ina ake fara aunawa.

Ranar farko daga gindin tsamiyar gonar zuwa bakin ruwa bai wuce tsawon layi ɗaya na kasuwa ba, amma sau uku muna tsayawa yana haki. Ya kafa kara a inda ruwa ya tsaya, muka dawo ya ba da rahoto fuska a ɗaure. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, Komadugu kullum janyewa yake yi. Yau ruwan na nan, jibi ya koma bayan gorubai, wani mako ya tsinke ya zama tafkuna, sai ka bi rairayin tsakiyar kogi kafin ka same shi. Tafiyar na ƙara tsawo da kanta, ba wanda ya ce masa ya ƙara. In na ce mu huta, sai ya ce mutum na jiran labari.

Wata safiya babur ya ƙi tashi, na tafi neman bakanike. Na dawo mahaifiyata ta ce ai ya tari ɗan kabu-kabu ya tafi. Ni ma na tari wani na bi bayansa. Na iso gonar, tsohon ya nuna mini gabas da haɓa, ya ci gaba da gyaran fangalin tattasansa. Na bi rairayi da gudu ina ta saƙa mugun abu a raina. Can bayan wata kwanar kogi na hango shi yana dawowa shi kaɗai, ya naɗe wando, taɓo har ƙauri, yana ɗaga ƙafar hagu yana sauke ta kamar kowa.

Da ya iso ya miƙo mini sandarsa. "Riƙe mini wannan, tana rage mini sauri."

Na karɓa na juya baya kamar ina kallon tsuntsaye, don kada ya ga hawayena.

Tsohon yana da 'ya'ya ƙarti da za su dubo ruwan nan cikin ɗan lokaci, kuma har yau ban tambaye shi dalilin da ya sa ya aiki mahaifina ba. Ni dai na gane inda na yi kuskure. Na yi ta nuna wa mahaifina cewa shi majinyaci ne, amininsa kuma ya nuna masa har yanzu akwai mai bukatarsa. Yanzu da aka fara komawa gonaki, nakan bi gaɓar nan da safe in na samu hali. Mahaifina ya tsufa sosai, amma ranar Juma'a da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kuma ba ya yarda a riƙe masa hannu.