Makullin Ɗakin Kwamfuta

Akwai abin da ya faru da ni wanda ko na so mantawa ya ƙi barina, kuma na san da shi za a kai ni kabari.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a cikin birnin Zariya, can wajen Ƙofar Kuyambana. Wata shekara tsofaffin ɗalibai suka kawo mana kwamfutoci goma sha biyu don yara su saba, tunda yanzu a kwamfuta ake jarrabawar shiga jami'a. Shugaban makaranta ya damƙa mini makullin ɗakin, ya ce, "Malam, amana ce."

Ni kuwa sai na fahimci amanar a baibai. Na sa tela ya ɗinka wa kowacce riga, na jera su kamar kwanukan amarya. In baƙi sun zo a buɗe, a ɗauki hoto, a rufe. Darasi kuwa a allo nake yi. Wallahi da alli na zana musu linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja da hannu, na ce su kwafa a littafi. Kullum kuma gargaɗina ɗaya: "Duk wanda ya taɓa ya lalata, ubansa zai biya!"

A ajin ƙarshe akwai wani yaro da ban taɓa koyar da mai kaifin kansa a lissafi ba. Injiniya yake so ya zama. Mahaifinsa mai aikin babbar riga ne a Ƙofar Jatau, idonsa ya fara rauni, ya ce masa sau ɗaya zai zauna jarrabawar. In ya ci, Allah ya sa albarka. In bai ci ba, ya dawo zaure ya karɓi allura, don akwai ƙanne a bayansa.

Saura mako biyu a yi jarrabawar yaron ya same ni a ƙofar ofis, ya rusuna.

"Malam, don Allah ko sau ɗaya ne a bar ni in taɓa kwamfutar, in ji yadda take."

"Kai da ka haddace littafin? Kai, tafi ka ba ni wuri! In na buɗe maka, sauran fa?"

Makullin yana aljihuna a lokacin, ina jin sanyinsa a cinyata.

Ranar jarrabawa ni na raka su. Ba a yi rabin awa ba sai ga shi ya fito shi kaɗai. Har na fara murmushi, na ɗauka ya gama ne. Sai ya matso kusa da ni.

"Malam, linzamin ne ya ƙi yi mini biyayya. Tsoro nake kada in lalata musu. Na amsa guda bakwai, na danna wani wuri, kwamfutar ta tambaye ni wani abu, na sake dannawa. Sai masu sa ido suka ce wai na miƙa amsoshina, na gama ke nan."

Innalillahi! Takardar da ya yi lissafi a kai an karɓe, amma ya zauna a gindin bishiya yana faɗa mini amsoshin da ya hango, ɗaya bayan ɗaya, duk daidai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na je na roƙi mahaifinsa a ƙara masa shekara. Dattijon ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, ba ƙi na yi ba. Dubi idona." Na yi masa sallama na fito.

Washegari na buɗe ɗakin da niyyar kowa ya shiga. Da muka cire rigunan, ɓeraye sun cinye wayoyin biyar, uku kuma ruwan damina ya ɗigo musu daga rufi. Abin da na hana yara, na bar wa ɓera.

Bara na bi ta Ƙofar Jatau, na ga yaron a zaure ya sunkuya kan wuyan riga, ya zama magidanci. Ya miƙe da sauri ya gaishe ni, babu ko alamar riƙo a fuskarsa. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, ƙanwata tana ajinku bana. Don Allah a bar ta ta taɓa."

Tun daga kansa na gane cewa ba kwamfutocin aka ba ni amana ba, yaran ne. Kayan koyo gara su lalace a hannun ɗalibi da su ruɓe a hannun malami. Yanzu ɗakin a buɗe yake tun safe har a tashi, amma shi wanda ya roƙe ni sau ɗaya tak, ba ni da abin da zan buɗe masa.