Sallamar da Ban Amsa Ba

Sai da na yi kamar ba zan ba da wannan labari ba. Na ba da labarai a tashoshin mota daga Kurfi har Legas, na sa mutane dariya a Maraɗi da Agadas, amma wannan kullum tsallake shi nake yi. Rediyo ne ya tono shi. Ranar nan muna zaune a gidana a Dutsin-Ma, mai karanta labarai ya buɗe da sallama, na amsa da ƙarfi kamar yadda na saba, sai ƙaramar ɗiyata ta ce wai sai yaushe zan daina gaisawa da akwati. Na faɗi mata dalili. To ku ma ku ji.

Kakana na wajen uba ma'aunin hatsi ne. Shekara da shekaru yana zuwa kasuwar Dutsin-Ma daga Kurfi, ana cewa in ya cika tiya ya yi mata tozo, ƙwayar gero ɗaya ba ta zamewa. Ni ban riski wannan hannun ba. Wanda na sani kullum rawa yake a kan gwiwa, babban yatsa na murza na kusa da shi kamar mai jan carbi, alhali babu carbin. Tafiyarshi ta koma ɗan taku-taku yana jan ƙasa, in ya zo bakin ƙofa sai ƙafafun su kafe kamar an dasa su. Fuskar ta daskare, ko dariya yake sai dai ka tsinto ta a ido. Murya kuma ta shige ciki, sai ka kai kunne.

Ni ne babban abokin wasanshi. Yana ce mani ɓarawon mata, wai na ƙwace mashi Hajiya, kakata. Ni kuma in ce tsoho ya sake mani ita ya huta. In kwaikwayi tafiyarshi a gabanshi, ya kawo mani sanda, kafin ta iso na kai tsakar gida. Wasan jika da kaka ne, ba mai tsawatawa.

Daminar da na shiga aji huɗu ciwon ya hau kai. Wata rana garau yake, ya jero maka manoman Tamawa da Wurma gida-gida. Wata rana a tambaye shi ko zai sha fura, sai an manta da tambayar amsa za ta fito. Ya fara alwala, ya wanke hannu, ya tsaya riƙe da buta ya rasa abin da ke biye. Daga nan sai baƙi suka fara zuwa mashi. Yara ƙanana zaune a jikin bangon zaure, ba su magana. Wani lokaci masunta da koma tana ɗigar ruwa, kamar yanzu suka fito daga madatsar ruwa ta Zobe. Mu kuwa bango kawai muke gani.

Baba ya so a maida shi ɗakin ciki kusa da rumbu. Hajiya ta ƙi. Ta ce zauren nan shi ne sauran duniyarshi, nan yake ganin hanya, nan tsofaffin abokan kasuwa ke tsayawa su miƙa mashi goro, in aka raba shi da shi an binne shi da rai. Kuma tana da hujja, don tsohon ya samo dabara da kanshi. Duk wanda ya gani, babba ko yaro, sai ya yi mashi sallama. Musulmi ba ya jin sallama ya yi shiru. Wanda ya amsa mutum ne. Wanda bai amsa ba, ya san na ciwo ne, sai ya kau da kai ya ci gaba da zamanshi. Baba ya ce to, muddin yana iya rarrabewa, ya zauna.

Ana nan wata safiya tsohon ya ce na sace tsohuwar tiyarshi. Ya rantse ya gan ni da ita. Baba bai tambaye ni ba, ya karyo tsumagiyar dalbejiya ya zane ni a gaban yaran maƙwabta. Bayan la'asar aka samu tiyar ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai. Shi ya ɓoye ta ya manta. Ba wanda ya ce mani sannu.

Washegari da hantsi Hajiya ta dama fura ta ba ni in kai mashi. Har yau ina jin ƙamshin citta da kanumfari na wannan furar. Na shiga zaure ba sallama, na zauna a jikin bango daidai inda yake nuna yaran nan, ƙwarya a cinyata. Ya ɗago a hankali.

"Salamu alaikum."

Na yi shiru. Ya maimaita. Na zuba mashi ido ban ƙifta ba.

"Ɓarawon mata, kai ne?"

Da na ƙi magana sai ya kau da kai, yadda yake yi masu. Ni kuma na ɗauki ludayi na fara sha. Yana jin ƙarar ludayin a ƙwarya, ina ganin hannun nan ya ƙara gudu a kan gwiwa. Na shanye tas, na ajiye ƙwaryar gabanshi na fita. Kwana uku ina yin haka. Ba zan yi maku ƙarya ba, daɗi na ji.

Rana ta huɗu tsohon ya kama rigar Baba ya ce sun fara cin abincinshi, kuma ɗayansu ya ari fuskar yaron nan. Baba ya kira ni. Na ce ai ni na miƙa mashi, a gabana ya sha. Baba ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi ƙasa. Kafin sati ya zagayo tsohon ya fara kai sanda ga duk yaron da ya shigo zaure, aka maida shi ɗakin kusa da rumbu, aka sa sakata ta waje.

Nan ne na roƙi Hajiya ta bar ni in kai mashi ruwan alwala. Ɗakin na warin tsohon gero, haske ta 'yar taga kawai. Ya gan ni, leɓɓanshi suka motsa, ya yi sallama can ƙasa-ƙasa. Na amsa da iyakar muryata, har sau biyu, na ƙara da rahama da albarka. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wajen ƙofa inda Hajiya ke tsaye.

"Hajiya, sun koyi amsawa."

Daga ranar bai ƙara yi wa kowa sallama ba. Ya kai har bayan girbin wata shekarar, ina shiga ina fita, bai sake ce mani ɓarawon mata ba. Ni kuma ban faɗi wa kowa ba, tsoron tsumagiya.

Sai da na girma, wani likita da muka haɗa kujera a mota ya ce mani ciwon karkarwar nan Fakinsan suke ce mashi, kuma in ya daɗe yakan taɓa tunani, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Ya ce yanzu akwai magungunan da ke rage abin, ya kuma ce dabarar sallamar nan ta mai kaifin hankali ce. Na ce mashi haka ne, na maida kaina taga.

Zauren yanzu shagon cajin waya ne. Samari na shiga da abu toshe a kunne, ka yi sallama ba mai jin ka. Ni dai ko daga lasifikar masallaci ta fito, ko daga bakin mai talla, sai na amsa.

Da na gama, ɗiyar tawa ba ta yi dariya ba. Ta rage muryar rediyon, ta ce, "To Baba, har ya rasu bai san kai na gaske ba ne?"