Jan Fenti a Jikin Madacina

Asabar: Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na ja ƙofar gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, 'yar jaka a kafaɗa, lema a hammata, zan tafi ƙauyenmu in ƙaryata mutuwata. Shekarata sittin da ɗaya, talatin da biyar daga ciki na yi su ne ina koyar da labarin ƙasa, kuma in ban da gwiwar hagu babu abin da ke damuna.

Sai na yi bayani saboda waɗanda aka haifa a asibiti. Ƙauyenmu, Gidan Dashe, yana gefen dajin Falgore, kuma ma'aikatan gandun daji ne suka kafa shi: malaman daji, masu renon itatuwa, masu yankan katako. Irin waɗannan mutane ba sa iya ganin rami su ƙyale shi haka nan. Don haka duk jaririn da aka haifa a garin, inda aka binne cibiyarsa nan ake dasa masa itace, madaci ga namiji, ɗorawa ga mace. Ba mai taɓa itacen sai ranar da mai shi ya rasu. Ranar ce ake shafa masa jan fenti irin na malaman daji, a sare shi, a rufe kabarin mamacin da rassansa.

To, ranar Laraba Iro mai adaidaita sahu, ɗan garinmu da ke zaune a Daurawa, ya same ni ina cin ƙosai a ƙofar gida, ya ce an shafa wa madacina jan fenti. Nasa ma an shafa, da na mutanenmu da yawa da ke nan Kano. Baba Audu, tsohon malamin dajin da ke riƙe da garin, ya aiko cewa duk wanda bai je ya kankare nasa da hannunsa ba kafin a yanke gero, za a kira masu gawayi. Na ajiye ƙosan. Kafin magariba labari ya zagaye layi. Maƙwabcina Mista Sande mai gyaran janareto ya zo har falo ya yi mini ta'aziyyar kaina, ya ce marigayin mutumin kirki ne, sai dai in ya ari sufana ba ya mayarwa. Uwargidana Hajiya Rabi, 'yar cikin birni ce gaba da baya, ta tambaya ko ta fara takaba ne ko ta jira in dawo.

Iro ne ya kai ni tashar Unguwa Uku, ya ƙi karɓar kuɗi, wai ba a cajin gawa. Shi ba zai samu zuwa ba sai bayan sati biyu. Ya ce in gaida masa itacensa.

Unguwa Uku zuwa Tudun Wada

Motar mai cin mutum shida ce, aka zuba mana tara, dubu huɗu da ɗari biyar kowane kai. Mun tashi bakwai da minti goma. Damina ta zauna sosai, shinkafar Kura ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, ni kuwa ina gaba, rabin jikina a kujera, rabi a kan giya, duk lokacin da direba zai canja sai na ba shi izini.

Direban, wani mai fara'a da ake kira Ɗan Asabe, da ya ji inda za ni sai ya ce ya san mutanen wajenmu sarai: duk wanda ya ɗauko daga can da katifa da risho, bai taɓa mayar da shi ba. Na fara lura da motocin da ke tahowa Kano. Daga Kwanar Dangora, inda muka karkata tara saura minti biyar, har Tudun Wada, manyan motocin gawayi na yi ta gani, samari zaune a saman buhuna suna kaɗa ƙafa. Daji da mutanensa a mota ɗaya, kowa zai je birni a ƙona shi ta hanyarsa.

Shingen bincike uku muka wuce. A na ƙarshen wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Na ce jana'iza.

"Allah ya jiƙan musulmi. Wa ya rasu?"

"Ni ne, amma ba a tabbatar ba tukuna."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa direba ya tafi a hankali, kuma ya buɗe wa tsoho gilas.

Tudun Wada zuwa Gidan Dashe

Goma da minti biyar muka isa Tudun Wada. Na ci waina shida da miyar taushe, ɗari bakwai, sannan na nemi ɗan acaɓa. Na ambaci Gidan Dashe, ba wanda ya san shi. Sai da na kwatanta garin da itatuwansa ke jere kamar 'yan makaranta, wani ya ce, "Au, Gidan Tsofaffi." Haka sunan ya koma, ba a sanar da mu ba.

Awa ɗaya da kwata muka yi, da rafi biyu. A na farko na sauka na naɗe wando. A na biyu ban samu damar sauka da kaina ba.

Gidan Dashe

Shekara goma sha huɗu rabona da garin. Tun daga nesa na hango duhun itatuwan, na ji wani daɗi ya taso mini irin na ranar ba da hutu, har na cire hula ina ɗaga wa awaki. Babu garin da ya kai namu inuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zama a cikinta.

Na sauka gidan Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin amma har yanzu ita ke daka daddawarta. Ta dube ni sama da ƙasa, da taɓon rafi har kunne, ta ce, "Mai Boko, ai na ce musu fenti zai kawo ka, tunda biki da suna ba su kawo ka ba." Ta ba ni fura, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Bayan azahar na zauna da Baba Audu. Sallar kuwa da ni da liman da kowa da kowa sahu ɗaya ba mu cika ba. Halin malanta ya motsa, na tambaye shi mutum nawa ne a garin yanzu. Bai ko yi tunani ba ya ce ɗari huɗu da goma sha biyu. Na waiga hagu, na waiga dama. Sai na gane cewa Baba itatuwa yake ƙirgawa. A wajensa muddin itacenka na tsaye kana gari, ko da kuwa kana dakon siminti a Tarauni. Wannan adadin ya ba masu rabon gidan sauro da suka zo, su kuma suka ɗauka jama'a na gona. Yanzu kowace tsohuwa tana da shida, ragowar an kewaye lambun barkono da su.

Na yi shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai dalar yawan jama'a a allo: yara a gindi da faɗi, tsofaffi a tsini. Ashe a garinmu an dasa ta da rai, sai dai a kife. Ana dasa itatuwan layi-layi bisa shekarar haihuwa, daga gabas zuwa yamma. Layukan gabas, na su Gwaggo, sun yi giɓi-giɓi da kututture. Na tsakiya, namu da na su Iro, cike suke maƙil, rassa na gogar juna, masu su kuwa duk suna Kano. Daga nan layi ya fara sirancewa kamar gashin kaina. A ƙarshen yamma 'yan tsirrai huɗu ne, ƙaramin cikinsu ya shekara uku, uwarsa ma haihuwar kawai ta zo yi ta koma. 'Ya'yana biyar babu mai ko kara a wurin, don cibiyoyinsu na ƙarƙashin simintin Gyaɗi-Gyaɗi.

Ba wai babu yara ba ne. Makiyaya da masu gawayi sun kafa bukkoki a bakin rafi, kuma 'ya'yansu ne suka hana a rufe firamare. Su ba sa cikin lissafin Baba, tunda ba a dasa musu komai ba. Na ce masa ke nan garin ya rabu biyu, itatuwa marasa mutane da mutane marasa itatuwa. Ya ce ya lura bokona bai ragu ba, ya miƙo mini gizago.

Na san madacina. Ko na ce na ɗauka na sani: dogo, miƙaƙƙe, kusa da tsohuwar rijiya. Na nufe shi kai tsaye, tsofaffi biyar na biye da ni da tabarmarsu. Na dafa shi, na yi masa sallama, har na ɗan rungume shi iyakar inda hannu ya kai. Sannan na kama aiki. Hannun da bai san abin da ya fi alli nauyi ba, minti goma ya yi bororo. Ɓawon madaci kuwa in ya faɗa maka baki za ka san dalilin sunansa. Minti arba'in na yi ina sara ina tofarwa, tsofaffin nan na cin goro suna kallona. Da jan ya fita tas na juyo ina haki, ina jiran yabo.

Baba Audu ya ce, "Madalla. Iro ya gode."

Nawa yana layi biyar a baya, wani karkatacce mai kai biyu. Gwaggo ta ce ni na mayar da shi haka, ina ɗan shekara tara na hau na karya masa kai, kuma tun ranar ta san ba zan yi aikin ƙarfi ba. Dariyar da tsofaffin nan suka yi, liman sai da aka bubbuga masa baya. Ni ma na yi har na zauna a ƙasa. Kafin in tashi Baba ya ɗauko gwangwani ya sake shafe na Iro, wai ba mai shi ne ya kankare ba.

Ana kiran la'asar na gama da nawa. Na dawo duniya a hukumance.

A nan gindin itacen Baba ya faɗa mini abin da ya sa. Kafin damina Malam Ɗanladi, abokin aikinsa, ya rasu da asuba. Aka yi masa wanka, aka yi masa sutura, aka fito saran madacinsa, sai aka duba babu mai sara. Su uku suka yi ta karɓa-karɓa da gatari, ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Hantsi ya yi, azahar ta yi, gawa na kwance a zaure tana jira. Sai bayan la'asar wasu makiyaya da ke wucewa suka karɓi gatarin. Ya ce shekara arba'in yana hana mutane sare itace, bai taɓa zaton zai rasa mai sarewa ba. Maganar kiran masu gawayi kuwa ƙarya ce ya yi, Allah ya yafe masa. Abin da yake so kawai, kowa ya zo ya rubuta lambar wayarsa a bangon masallaci, in an kira ya taho, ko ya turo ɗa mai ƙwari.

Na rubuta tawa da gawayi. Ni ne na bakwai.

Lahadi: komawa

Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na yi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Da safe, kafin ɗan acaɓan ya iso, Gwaggo ta ce in raka ta. Muka bi ta cikin kututturan gabas har gindin wata ɗorawa mai faɗi, ita kaɗai ta rage a layinta. Ta ɗaga sandarta ta nuna.

"Ka ga wancan reshen, da wancan na bayansa? Su nake so, sun fi miƙewa. Na ƙasan nan gara ta shiga, kada a sa mini shi."

Na ce haba Gwaggo, ai da saura.

"Ban tambaye ka ba. Ka dai koyi riƙe gatari, na ga abin da ka yi jiya. Ba na son in kai la'asar a zaure."

Ta cusa mini daddawa a jaka, ta ce in gaida 'yar birni.

Tara da rabi muka tashi, rafukan sun janye, na tsallake su da mutuncina. Sha ɗaya saura kwata Tudun Wada, sha biyu mota ta cika, uku saura minti ashirin ina Unguwa Uku. Ban wuce gida ba sai da na biya kasuwar Tarauni na sayi gatari mai ƙota, na kuma roƙi mai sayar da itacen girki na unguwarmu ya ajiye mini gungume ɗaya a bayan gida. Hajiya Rabi ta dubi gatarin, ta dubi tafin hannuna, wannan karon ba ta yi zolaya ba. Ruwan ɗumi ta kawo.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Ɗan Asabe direba, da ɗan acaɓan da ya tsamo ni daga rafi, da Baba Audu duk da gizagonsa. 'Yan Gidan Dashe na Gyaɗi-Gyaɗi da Daurawa da Tarauni, akwai sauran fili a bangon masallaci. Ni dai kullum bayan sallar asuba ina sara ashirin a gungumen nan, jiya na kai talatin, kuma na daina kashe wayata.