Ɗakin Tattabarun da Baba Ya Yi da Bencin Coci

A Nok, idan damina ta kankama, a kicin ɗin Kaka muke taruwa bayan tuwo, tana gasa mana masara. Wata yamma hadari ya taso baƙi ƙirin. Ni kuwa hankalina na kan tattabarata, wadda ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu a akwatin da Baba ya kafa jikin rumbu. Haushin akwatin nan nake ji. Da karyayyen bencin coci ya yi shi, babu fenti, ƙofar 'yar mitsitsiya. Na miƙe zan kwaso su, ina kuka.

"Zauna, Ladi," in ji Kaka. "Labari ya zo, kar ya same ki a tsaye."

Wai wani kafinta ne ya yi wa tsuntsuwa gida da ɗanyen katako, ya shafa jan fenti, ya buɗe ƙofa wangame don mutane su yaba. Warin fenti ya hana ta barci. Da ruwan farko katakon ya kumbura ya tsage, maciji kuma ya shiga ya shanye ƙwai. Kafinta ya zauna yana da-na-sani, sai wani tsohon katako da aka yar a bayan gida ya yi magana.

Nan Kaka ta sauke murya. "Ya ce, ɗauke ni. Ruwa ya buga ni, rana ta gasa ni, gara ta ɗanɗana ta bari. Ba abin da ya rage su yi mini. Ka yi ƙofa daidai ƙirjin tsuntsuwar kawai."

Iska na jijjiga kwanon rufi, Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Da safe muka tarar da rufin kicin ɗin maƙwabta a gonar citta. Na ruga rumbu, na leƙa. Ga 'ya'yan tattabarar nan, ko jiƙewa ba su yi ba, suna buɗe baki.

Sai da na girma na koma Kafanchan na ji cewa kafin a haife ni Kaka ta binne mijinta da 'ya'ya uku. Ba ta taɓa gaya mana ba. Mu dai mun san duk ranar da sama ta yi baƙi, wurinta muke gudu.